Kwana Takwas Bature Ba Malafa

Litinin, 3 ga Rabi'ul Ahir, 1329

Da sunan Allah. Na gama juyar littafin da limamin Ringim ya sa ni, takarda ta rage, warƙa goma sha biyu masu tabon ruwa a gefe. Mai ɗakina ta ce in ba ta ta ƙunsa kanwa. Na hana. Zan riƙa zuba abin da rana ta kawo a ciki, tunda in na yi rubutu da sauri ba mai iya karantawa, wani lokaci har ni.

Yau rana ta kawo Bature. Ya sauka a barikin da aka sa mu gina bara a gindin dutse, da 'yan dako wajen talatin, da kuku, da tafinta, wani Idirisu mai yawan gyaran murya. Kafin la'asar mutanen Limawa, unguwarmu a nan garin Dutse, sun raɗa masa suna Mai Jan Wuya. Dogo ne, ba nama. Abin da ya fi ɗaukar ido malafarsa: fara fat, mai tauri, a zagaye kamar an raba ƙwan jimina biyu, da baki kewaye. Tafinta ya ce in rana ta taɓa tsakar kansa ba ita, mutuwa zai yi. Na ce ikon Allah. Mutanen da suka ci Kano da yaƙi.

Lado ne sarkin bariki. Tare aka yi mana kaciya da Lado, bukka ɗaya muka yi jinya, shi ya fi kuka, ko da yake yanzu cewa yake ni ne. Sarautar tasa shara ce da ɗiban ruwa da karɓar abincin da gari ke aika wa baƙo. Na gan shi yau da sabon rawani yana kai da kawo kamar shi ya haifi Baturen.

Talata, 4

Zafi. Dabino ya nuna, ko'ina ka bi ƙudan zuma.

Da la'asar sakaliya Mai Jan Wuya ya hau dutse, wai yana son ya ga inda gari ya ƙare. Da ya sauko rana ta faɗi, ya cire malafa, muka ga kan. Sanƙo ne, ja kamar sabon tulu. Ɗanmusa mai dabino ya tare shi da gaisuwa, ya miƙa masa dabino cike da hannu biyu. Bature ya duba jikinsa, babu inda zai sa, sai ya juya malafar ya tara. Aka cika masa ita har baki. Ya tafi yana ci yana tofar da ƙwallo.

Na ba mai ɗakina labari tana kaɗi. Ta ce, "Ashe yana da hankali." Ban san abin da take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, na koyi inda ake tambaya.

Laraba, 5

Malafa ta ɓata.

An wayi gari babu ita. Kuku ya ce ya ga Lado ranar Litinin yana shafa ta, yana cewa da ma tasa ce. Na san ya faɗa. Lado ba abin da ba ya ce wa haka, ya taɓa faɗa wa raƙumin wani Buzu, raƙumin kuma yana nan bai ɓata ba. Amma dogaran Wakilin gari sun kama shi, suka kwance sabon rawanin nan suka ɗaure masa hannu da shi. Na gani da idona, ba na fatan in ƙara gani.

Bature ba ya fita, rana ta tsare shi a ɗaki. Ya tura mahayi Kano a kawo masa wata malafar: kwana uku zuwa, uku dawowa, ɗaya na hutun doki. Tafinta ya yi gyaran murya ya faɗa a gaban jama'a cewa ran da sabuwar ta iso, in tsohuwar ba ta fito ba, za a tafi da Lado Kano a ɗaure, a ƙasa. Lado mai ciwon gwiwa. Ko Gaya ba zai kai ba.

Ban ci tuwo ba. Mai ɗakina ta ɗauke akushin, ta dawo da kunu. Na sha.

Alhamis, 6

An bincike gidan Lado, har rumbu, har tukunyar matarsa. An kwance kayan 'yan dako. An zura mutum rijiya biyu. Wasu sun ce aljanun dutse ne suka ji haushin hawan da aka yi musu da takalmi, suka zo wurina in buga ƙasa. Na ce ni mai juyar littafi ne, su gwada gaba.

Da hantsi ina ba mai ɗakina wannan labari sai ta tsayar da mazari.

"Malam, dabinon fa?"

Na ce wane dabino.

"Na cikin malafar. An same shi a zube?"

Na ce ke Tsohuwa, mutum zai tafi Kano a ɗaure, ke kina ta dabino. Ta ce, "Je ka tambaya dai, ƙafarka ba za ta ƙare ba."

Na je, don kada a ce ban je ba. Ba wanda ya ga ko ƙwaya ɗaya a ƙasa, ko a ƙofa ko a hanya. Da na dawo na faɗa mata ta ce, "Ɓarawon hula zubar da abin ciki zai yi, ya cusa ta cikin riga ya ruga. Wannan a tallabe aka ɗauke ta, da hannu biyu, ba gaggawa." Ta ci gaba da kaɗinta.

Na ce ai abin da nake shirin faɗa ke nan. Ta ce ta sani.

Juma'a, 7

Bayan masallaci na kai wa Lado fura a zauren Wakili inda ake tsare da shi. Ya rame a kwana biyu, ko kuwa rawanin ne da yake cika shi.

"Kai tsoho, kallo ka zo?"

Na ce na zo in ga ko kana kuka irin na wancan karon. Ya yi dariya har ya tsaya da kansa. Sai ya ce, "Jaji, in an tafi da ni, akuyar nan mai ciki ka sa mata ido. Matata ba ta iya karɓar haihuwar akuya ba." Na ce ya rufe mini baki. Ba na son mutum ya fara rabon amana.

Mai ɗakina ta aiko ni da tambaya, sai da ta sa na maimaita mata sau biyu kamar mai hadda: a ina aka ajiye malafar? Lado ya ce Bature da bakinsa ya faɗa wa tafinta. Da ya dawo daga dutse ya zauna a kan falalen dutsen nan na ƙofar bariki, gindin tsamiya, ya cire takalmi, ya ajiye ta a gefe ya shige ya manta. "Dutsen da nake jera wa mutane kayansu," in ji Lado. Kullum kafin magariba yakan wanke akusa da ƙoren da aka kawo abinci a ciki ya jera a nan, ya wuce masallaci, daga can gida. Mata su zo da asuba kowacce ta ɗauki nata, don ba wadda ke son ta yi ido biyu da Bature. Shi bai ma ga an ajiye malafar ba.

Da na faɗa mata ta ce, "A'a!" Ta ajiye ludayi. Na jira. Ita kuwa kallon randa take kamar randar ce ta yi magana.

Asabar, 8

An karɓe zakarana don abincin bariki. Ba sauran zakara a Limawa sai na liman, shi ma ya daina cara. Ya gane.

Lahadi, 9

Mai ɗakina ta fita tun da safe da zare a faifai, wai talla. Zaren da ban taɓa ganin ta sayar da shi gida-gida ba. Gidajen da suka aika abinci bariki take bi.

Ni kuwa na bi dattawan unguwa muka je roƙo. An shigar da mu uku. Mai Jan Wuya na zaune a kujera da jiƙaƙƙen tsumma a ka, kamar mai jego. Liman ya yi magana mai kyau. Tafinta ya juya ta, ta fito gajera. Bature ya ce shi ba ya ƙin Lado, amma wanda aka ba tsaron gida shi ake tambaya. Muka ce Zaki, yadda ake gaida Turawa, muka fito da baya.

Ɗakin nasa abin kallo ne. Gado mai naɗewa, bahon wanka na tsumma wanda ba ya yoyo, takalma jere kamar sahun salla. Har ƙwarya ya rataye a bango, kamar garkuwa. Allah ɗaya, hankali iri-iri.

Ta dawo da la'asar, ƙafa a kumbure, zare bai ragu ba. Kowace mace ta sami kayanta daidai ran Laraba, ba wadda ta ɗauki na wata. Huseina matar Ɗanmusa ita ta fara zuwa, liman bai ma sallame ba, ta kuma rantse ba wani farin abu a kan dutsen. "An riga ta," in ji mai ɗakina. "Amma wace ce a garin nan ke riga Huseina?" Ta kwanta ba ta ci abinci ba. Na kawo mata ruwan ɗumi ta sa ƙafa. Ba wanda ya gan ni.

Litinin, 10

Saura kwana biyu.

Na ga ranta a ɓace, na ce bari in ba ta dariya. Na kawo labarin gado mai naɗewa, ba ta motsa ba. Na kawo na baho. Na kawo na ƙwarya a bango.

"Ƙwarya?"

Na ce ƙwarya.

"Wace iri?"

Na ce irin ta duma mana, akwai wata iri ne?

"Malam, don Allah. Da zane ko babu?"

Na rufe ido na tuno. Na ce da zane, baƙi, kamar tsani-tsani ya kewaye ta, da wasu kamar sawun tsuntsu a tsakani. Bakinta ja. Akwai tsaga ɗaya da aka ɗinke da kyau.

Ta miƙe tsaye, ƙafar da ke ciwo ta warke nan take. "Tun jiya kake yawo da wannan a cikinka? Ka kwana da shi, ka yi salla biyar da shi?"

Na ce ban san abin faɗa ba ne.

Ta ce ƙwaryar Goggo Indo ce, ta rugar bayan dutse, wadda ke kawo mata man shanu tun kafin a aurar da Hassanarmu. Ƙwaryar uwarta ce, ba ta fito da ita sai don babban baƙo. Mutanen ruga kuwa tun kafin assalatu suke kamo hanya a bazara don su koma rana ba ta yi ba. Ga wadda ke riga Huseina.

Na ce to sai me? Indo ba ɓarauniya ba ce.

Ta zaunar da ni kamar yau na fara karatu. "Ka aika wa baƙo nono a ƙwarya. Washegari ka zo ɗauka inda ake ajiyewa. Taka ba ta nan, amma ga wata fara a gurbinta, cike da dabino. Me za ka ce?"

Kowa ya san ba a mayar wa mutum ƙwaryarsa wofi, sai an sa ɗan wani abu a ciki. Kowa kuma ya san wanda ya fasa ta wani, tasa yake bayarwa, ba a magana.

Na ce amma wa zai ga hula ya ce ƙwarya ce? Ta ce, "Indo ba ta taɓa ganin Bature ba, idonta kuma ya yi yana. Kai mai ido biyu ma me ka ce ta yi kama da shi ran da ka fara ganinta?"

Na je aron jaki.

Talata, 11

Na aro jakin don kaina. Ita ta hau. Na ja akala muka ratsa Limawa, masu zaman ƙofar masallaci suna ta "Sannu Malam, a sauka lafiya," da wata irin murya. Zan tuna kowannensu.

Mun isa ruga rana ta ɗaga. Goggo Indo ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura, aka gaisa har shanu sai da aka tambaya ɗaya-ɗaya. Mai ɗakina ba ta yi gaggawa ba, ni ne nake ta motsi. Can ta ce, "Goggo, ina ƙwaryar Inna? Yau ban ga an fito mana da ita ba."

Indo ta sunkuyar da kai. Ta ce a bar maganar. Da aka matsa ta rage murya, ta dube ni. "Modibbo, kada ta fita daga nan. Baƙon nan na gari ya fasa ta. Ya ji kunya, ya ajiye mini tasa, har da dabino. Na kwana biyu ina kuka, amma baƙo ne, ba a tona masa."

Na ce ina tasa ɗin?

"Kai, ƙwaryarsu ba ta da kirki. Na zuba nono ya bi ta gindi. Har huji suka yi mata da gangan. Ko me suke sha da ita, oho."

Ta kai mu bayan bukka. Ga malafar Mai Jan Wuya a gindin kargo, an kafa ta da duwatsu uku don kada ta mirgina, an shimfiɗa ciyawa a ciki. Ga wata jar kaza a kwance a kan ƙwai, tana kallonmu da ido ɗaya kamar alƙali.

Na zauna a ƙasa. Dariya nake ko kuka, ban tantance ba.

Da aka faɗa wa Indo ƙwaryarta ba ta fashe ba, tana rataye a bango, ta ce, "A bango? To nonon fa?" Da aka faɗa mata abin da kaza ke kwance a ciki, da inda Lado yake, sai ta ɗora hannu a ka. Ta ce ita za a kai Kano ke nan. Ta fara kiran sunayen jikokinta.

Mai ɗakina ta riƙe hannunta, amma ni take kallo. "Ba za mu fid da tsoho mu sa tsohuwa ba, Malam. In aka miƙa malafa kawai, tambaya ta gaba ita ce wa ya ɗauka. Sai an fara nuna masa shi ya fara riƙe kayan mutane."

Na ce wa zai faɗa wa Bature haka?

Ta ci gaba da kallona.

Kaza ta ƙi tashi, ta tsattsage mini yatsa. Indo ta ce in aka ɗaga ta ƙwan zai huce. Sai mai ɗakina ta naɗa gammo ta ɗora malafar a ka, da kaza da ƙwai da komai, ta yafa zane a sama. Indo ta hau jaki. Ni na sake jan akala. Duk hanya mai ɗakina tana koya mini abin da zan ce, ina cewa na sani, tana cewa maimaita.

Laraba, 12

Zan rubuta wannan a hankali.

Sabuwar malafa ta iso da hantsi. Kafin mu kai bariki 'yan dako sun ɗaure kaya, an fito da Lado da igiya a ƙugu, matarsa na tsaye nesa da ƙunshin guzuri. Bature ya fito rana karon farko cikin kwana takwas yana ƙifta ido. Mai ɗakina da Indo suka tsaya bayan tsamiya. Mai ɗakina ta ce, "Je ka. Kakarka ba ta yi maka tatsuniya a banza ba."

Na fita tsakar fili na durƙusa na ce Zaki, ina da magana. Duk abin da aka koya mini a hanya ya gudu. Abin da ya rage a bakina sai irin na kakata, wadda ta hana mu tatsuniya da rana tsaka. Allah ya jiƙanta, yau na saɓa.

Na ce wani baƙo ne ya sauka a wani gari. Wata tsohuwa ta ji labari daga daji, ta ce baƙo ba ya kwana ba nono. Ta ɗauko ƙwaryar da uwarta ta bar mata, wadda ko 'ya'yanta ba sa taɓawa, ta cika ta kawo. Baƙo ya sha nono. Ya dubi ƙwarya ya ga ta yi kyau. A ƙasarsu, ga alama, in an ba ka abu har mazubin an ba ka. Sai ya rataye ta a bango.

Nan tafinta ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau uku. Ya ce, "Baba, in faɗa haka?" Na ce faɗi, ɗana, ni za a kai Kano ba kai ba. Ya faɗa. Na ga jan wuyan nan ya fara hawa, ya kai kunne. Bature ya waiwaya ya dubi wani akwati cikin kayan da aka ɗaure.

Na ci gaba. Na ce a ƙasar tsohuwa kuwa mazubi komawa yake, kuma ba ya komawa wofi. Ta zo da asuba inda ake ajiyewa, ba ta ga tata ba, ta ga wata fara cike da dabino. Ta ce wayyo, ya fasa, ya ji kunya, ya biya ni da tasa. Ta ɗauka ta yi shiru don ta rufa masa asiri. Kwana takwas tana rufa masa asiri, Zaki, shi kuma yana neman ɓarawo.

Ya yi tambaya gajera. Tafinta ya ce, "Wai ina take?"

Mai ɗakina ta fito daga bayan tsamiya, a lulluɓe, tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa. Ta durƙusa, ta sauke, ta yaye zanen. Kaza ta dubi Bature. Bature ya dubi kaza. Ba a taɓa shiru irin wannan a Dutse ba, ko ran da aka ce ga Nasara nan tafe.

Sai wani sauti ya fito masa ta hanci. Na ɗauka ciwo ne. Ashe dariya ce. Ya yi har ya zauna a kan falalen dutsen nan, sabuwar malafar ta karkace. Da ya sami numfashi ya ce a tambaye ni, to wane ne ɓarawo a wannan labari? Na ce ranka ya daɗe, babu. Mutum biyu ne kowa ya zaci kyauta aka yi masa.

Ya ce a kwance Lado. Ya sa aka buɗe akwati, ya ɗauko ƙwaryar da hannunsa, ya nufi Indo da ita. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a bayana.

"Malam. Wofi?"

Na ce ke, ki bar mu mu tsira.

"Wofi zai miƙa mata, a gaban mutane?"

Haka na sake durƙusawa na faɗa wa Baturen da ya ci Kano cewa ba a haka. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi lulluɓin da ke bayana, ina jin ya gane daga inda maganar ke fitowa. Ya kira kuku. Aka zuba sukari mai ƙwaya a ƙwaryar, aka ɗora sabulu ɗaya a kai. Indo ta karɓa da hannu biyu, tana shafa ɗinkin tsagar da yatsa, ba ta ko dubi sukarin ba.

Tsohuwar malafa ya ɗan sunsuna ta daga nesa. Nono na kwana takwas da kaza. Ya ce kazar da ke ciki ta riƙe.

Alhamis, 13

Sun tafi da asuba. Zakaran liman ya yi cara.

Lado ya zo da hantsi, rawanin duk ya yamutse, ya cinye mini ɗumame. Bai yi godiya ba. Ya ce, "Ka daɗe, tsoho. Kwana takwas kana neman hula ɗaya." Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya yi sallama, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Allah ya saka, uwar gida." Ta ce, "Ni me na yi? Kaza na ɗauko." Ya fita yana share ido, wai hayaƙi.

Asabar, 15

Gari ya ɗauka wai ƙasa na buga na ga malafa. Mutum huɗu sun zo yau, ɗaya tunkiya ta ɓata, ɗaya galma. Na ce ba haka ba ne. Ban dai faɗa da ƙarfi ba.

Mai galmar na ce ya jira a zaure, na shiga ciki shan ruwa. Na fito na tambaye shi wa ya ara masa ita bara. Ya dafe kai ya tafi.

Lahadi, 1 ga Jimada Ula

An yi yayyafin farko jiya, ƙasa na ƙamshi. Akuyar Lado ta haifi biyu, shi ya karɓi haihuwar da kansa.

Goggo Indo ta zo da safe da malafa a ka. Kaza ta ƙyanƙyashe tara. Ta ce ita ba ta da abin yi da ƙwarya mai huji, ta kawo wa mai ɗakina, da 'yan tsaki biyu a ciki. An wanke ta da toka, yanzu auduga ake zubawa. Mai ɗakina ta ce ba ta taɓa samun abin da ya dace da auduga haka ba.

Na mayar da buzuna gindin ɗakinta da la'asar. Zauren ya cika zafi bana, shi ke nan dalili. Tana kaɗi ina ba ta labarin waje, kuma yanzu har abin da ba na faɗa ba ne ina faɗa, tunda ban iya rarrabewa ba.

Mutane na cewa Malam Jaji ne ya fid da Lado. Takarda ba ta zuwa ƙofar masallaci, don haka a nan zan ajiye: Zulaihatu ce. Ga shi na rubuta. Shekara arba'in da ɗaya bakina bai kama sunan nan ba, yau alƙalami ya zame.

Warƙa biyu sun rage farare. Na ba ta ta ƙunsa kanwa. Wannan ban ba ta ba.